Shuɗiyar Hular da Na Ba Sha'aibu

Ranar da muka isa Tamanrasat, Sha'aibu ne ke ɗauke da jakata. Ni takalmana ne a hannuna, don ƙafafuna sun kumbura har sun ƙi shiga. Direban da ya kwaso mu daga iyaka ya sauke mu da hantsi a wani busasshen kwari, ya nuna wani tsauni da baki, ya ce garin na bayansa, tafiyar shan taba kara ɗaya. Bayan tsaunin muka iske wani tsauni, bayan wannan ma wani. Sai la'asar sakaliya muka ga gidajen farko.

Sha'aibu ɗan gwaggona ne, Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina da ke aure a Allakaye. Ni ɗan Tama ne, aikina garkar albasa. Taubasai muke, don haka tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Ya girme ni da shekara biyu, kuma wannan ce tafiyarsa ta biyu Aljeriya, ni ta farko. Shi kaɗai ne ɗa namiji wurin Gwaggo. Ya baro matarsa Biba da ƴan mata biyu ƙanana.

A wannan tafiyar ƙasa, duk lokacin da na zauna na ce ba na iya ci gaba, sai ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi, bawana. In ka mutu nan, mi zan ce ma kawu? In ce na yada mai ɗa cikin duwatsu don raggwanci?" Sai in tashi don haushi.

Wata uku muka yi a Tamanrasat muna haƙa ramin tushen gini. A can na fara sanin cewa jin Hausa a bakin mutum ba shi ne zumunci ba. Wani mutum mai farar riga, mai yawan ambaton Allah, ya zo inda muke kwana ya ce shi ma ɗan Adar ne, har ya kira sunayen kasuwanninmu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko har yanzu hanyar Bouza na cin tayar mota. Na ji kamar in rungume shi. Ya ce mu kawo wayoyinmu ya sa muna layin ƙasar, kafin azahar zai dawo. Mu bakwai muka miƙa masa. Har muka bar garin ba wanda ya ƙara ganin farar rigar nan. A cikin wayata akwai muryar mahaifiyata da na naɗa tana yi wa awaki faɗa, ba ta san ina naɗa ba. Wannan ya fi wayar yi mini ciwo.

A can kuma wata tsohuwa Buzuwa da muke haƙa wa maƙwabcinta rami take ajiye muna kwanon madarar akuya a kan katanga kowace safiya. Ba ta taɓa yi muna magana ba, ba mu san sunanta ba.

Daga nan muka hau zuwa Gardaya. Muka yi wata biyu a wani gini, kuma a nan Sha'aibu ya samu hular kwanonsa, wadda a can kowa ke ce wa kaske. Rawaya ce, ta ƴan gini, duk ta karce, ga tabon kwalta a gefe. Wani injiniya ne ya ba shi ranar da aikin ya ƙare, don ya ga ƙwazonsa. Muninta ya isa, amma ƙarfi gare ta, a ciki kuma akwai igiyoyi saƙe da ke hana kwanon taɓa kai. Sha'aibu ya rubuta sunansa a goshinta da ƙusa. Da ita yake wanke shinkafa, da ita yake ɗibar ruwan alwala in buta ta ɓace. Ni ba ni da ko ɗaya. Rawani nake naɗawa.

Farkon sanyi muka isa Bilida, can arewa, a gindin duwatsu. Muka sauka a wani bene da ba a gama ba, mu kusan ashirin, ƴan Keita da ƴan Madawa da wasu ƴan Mali. Tagogin ba ƙyaure, sai kwali da leda. Ban taɓa sanin ruwan sama na zuwa tare da sanyi ba. A wurinmu in hadari ya taso murna ake, mutum ya ɗauki kalme ya nufi gona. A can in ya taso sai aiki ya tsaya, mu zauna muna kallon juna, muna cin burodi da taliya. Akwai ranar da na ji ƙamshin albasa ana soyawa daga wani gida, na tsaya a bakin titi kamar wawa, ina tuna yadda ƙasar garkata ke wari in na sake mata ruwa da asuba. Sha'aibu ya ja hannuna ya ce, "Taho, kar su ce ɓarawon miya na."

Cikin wannan zaman banza ne na haɗu da wani dattijo mai suna Rabah, kowa na ce masa Ammi, wato kawu. Ya zo da ƙaramar motarsa yana neman wanda zai loda masa kaya. Da yake na yi lakwal har aji shida, ina ɗan jin Faransanci, sai ya ɗauke ni. Ashe rumfa gare shi a can ƙololuwar dutsen Shariya, inda ƙanƙara ke zuba kamar garin rogo ta rufe ƙasa da itatuwa. Mutanen birni kan hau can ranar hutu su yi wasan zamiya, wasu a kan faranti, wasu su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su sulalo daga tudu. Ammi Rabah na ba da hayar katakan da takalma da hulunan kwano, tsofaffin kaya da ɗansa ke aiko masa daga Turai.

Ranar farko da na taka ƙanƙarar nan, na yi zaton ƙafata ta mutu. Ammi ya dube ni, ya shiga rumfa ya fito da safa biyu masu kauri da wasu takalma. Ya zaunar da ni kusa da murhu, ya ba ni shayi da dabino. Bai taɓa kirana da sunan da yaran titi ke kiranmu ba. Isuhu yake cewa, ko da yake a bakinsa Yusuf take fitowa.

Aikina in goge kaya, in shanya, in jera. Da ya ga hannuna na da tsabta, sai ya fara koya mini yadda ake zaɓa wa mutum hula. Wannan hular ba irin ta ƴan gini ba ce. Mara nauyi ce, kamar ƙwarya. A ciki an shimfiɗa mata shafi mai laushi, ga marufin kunne biyu masu ɗumi, ga maɗaurin haɓa. A ƙeya akwai wani ɗan abin murɗawa kamar na rediyo, in ka murɗa sai ta matse kai, in ka mayar ta saki. A bisa kuma akwai kafofin iska da ɗan maɓalli mai zamewa, ka buɗe in ka yi gumi, ka rufe in iska ta taso.

Ya kifa mini wata a kai, ya ce, "Kada ka ɗaure. Girgiza kanka."

Na girgiza, hular ta yi rawa.

"Ta yi maka yawa. Hular da ke rawa ba ta tsare kowa." Ya sauya wata, ya murɗa ƙeyar. "Yanzu fa? Tana cizon goshinka? Tana danne maka bisan kunne?"

Na ce a'a.

"Sa yatsa biyu tsakanin girarka da bakinta. Haka. In ta fi haka hawa, goshi a waje yake. In ta sauko, ba ka ganin gabanka. Buɗe kafofin. Ka ji iska?"

Na ji ta, siririya, tana bi ta tsakiyar kaina.

Ya ce, "Mutane launi suke fara dubawa. Bar su su duba, wanda bai so hula ba zai cire ta a tsakiyar tudu. Amma kai, kafin ka miƙa wa kowa, ga abin da za ka yi." Ya juya hular, ya ɓamɓare shafin, ya nuna mini farin abu mai tauri da ke ƙarƙashi, irin wanda ake kare rediyo da shi a kwali. Ya bi shi da babban yatsa a hankali. "Wannan shi ne hular. Sauran duk ado ne. Bugu ɗaya yake ɗauka. In ya tsage, ko waje na ƙyalli kamar madubi, ta mutu. Ka ji ni, Yusuf?"

Na ce na ji. Wallahi na ji, kuma na gane. Ba zan iya cewa ban sani ba.

A cikin hulunan akwai wata shuɗiya mai duhu, da farin zane siriri a gefe, ta fi duka kyau. In ba kowa, nakan sa ta in dubi kaina a gilashin motar Ammi. Wata Juma'a wani saurayi ɗan birni ya yi hayarta, ya sulalo da gudu ya kasa tsayawa, ya yi karo da itace. Muka ruga. Ya tashi da kansa yana dariya, hancinsa kawai ke jini. Ammi ya karɓi hular, ya ɓamɓare shafin, ya nuna mini. Tsaga ce siririya kamar gashi, daga tsakiyar kai zuwa bisan kunnen hagu. A waje kuwa ko ƙwarzane ba ka gani sai ka kai ido kusa.

Ya miƙo mini ita da guduma, ya ce, "Je bayan rumfa ka farfasa ta. Kada wani ya tsinta ya sa."

Na je bayan rumfa. Na ɗaga gudumar, na kasa. A garinmu ba a fasa abu mai kyau haka. Na bugi wani kututture sau uku don ya ji ƙara, na tura hular cikin buhuna, na rufe da riga. Da na dawo ya ce, "An gama?" Na ce an gama. Ƙarya ta farko ke nan, kuma ga mutumin da ya ba ni safa.

Da ƙanƙara ta narke, Ammi ya rufe rumfa. Ya sauke ni har ƙofar benenmu, ya ba ni bargo da takalman nan, ya ce in Allah ya kai mu baɗi in neme shi.

A lokacin Sha'aibu ya samu aiki a wani babban shantiye, bene mai hawa biyar, ya roƙa mini aka ce in zo. Sai dai mai gadin ƙofa ba ya barin kowa shiga da kai a buɗe, kuma mu ƴan aikin yini ba a ba mu hula, kowa ya zo da tasa. Sha'aibu magini ne, a can sama yake jera bulo. Ni kuwa aka ce a ƙasa zan tsaya, wurin igiyar da ake jan bokitin siminti da bulo zuwa sama. Na je na ga wurin tun kafin in fara. Na ɗaga kai na ga bokiti na lilo a bisa kan mai ja, ɓaraguzai na zubowa.

Ina da hula, shuɗiyar. Mai gadi ba ruwansa da irinta, in dai kai a rufe yake. Da na sa ta na shiga. Amma na san abin da ke ƙarƙashin shafin.

Ranar Juma'a bayan masallaci, muna zaune a rana a bakin bene, na fito da ita daga buhu kamar ba da nufi ba, ina goge ta da hannun riga. Sha'aibu na gani ya miƙe.

"Kai! Bawana, ina ka sato wagga?"

Na ce, "Patorona, maigidana na bisa dutse, ya ba ni. Ba irin taka ba ta, wadda ka wanke shinkahwa."

"Kawo in gani."

"Ba ta shiga ƙaton kanka."

Ya fizge ta ya kifa. Sai na tashi na yi masa duk abin da Ammi ya koya mini, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shago. Na ce kada ya ɗaure, ya girgiza kai. Ta ɗan yi rawa, na murɗa ƙeyar har ta zauna daram. Na tambaye shi ko tana cizon goshi, ya ce ko kaɗan, kamar hannun uwa. Na sa yatsuna biyu bisa girarsa, daidai. Na saukar masa da marufin kunne, ya ce, "La ilaha, ashe haka masu kuɗi ka jin ɗumi!" Don shi kunnuwansa sun sha wuya da iskar saman bene, har sun tsattsage. Na zame maɓallin, na ce ya juya wajen iska. Ya rufe ido ya ce, "Har da taga gare ta!" Ƴan ɗakinmu suka taru suna dariya, wani ɗan Keita ya ce ya yi kama da matuƙin jirgi. Aka kawo ɓallin madubi, ya duba dama ya duba hagu.

Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban ɓamɓare shafin ba.

Ya ce, "Mu yi musanya."

Na yi kamar ba na so. Na bar shi ya roƙa har sau uku.

Da zai miƙo mini rawayar, sai ya tsaya, ya dube ni da idon wasa, ya ce, "Tsaya. Kai ban san ka da kyauta ba. Ba ta da wani aibi?"

Na ce, "Aibinta guda: ta hi ka kyau."

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Na karɓi rawayar da sunansa a goshinta. A raina ina cewa, ai shi a sama yake, me zai faɗo masa daga sama in ba tsuntsu ba? Ni ne a ƙasa, ni na fi bukata. Da wannan na lallashi kaina, kuma ya lallasu.

Kwana goma sha ɗaya muna aiki lafiya. Igiyar nan kuwa ta ci tafin hannuna, ya yi ƙuraje, suka fashe, suka koma ɗanyen nama. Ran na sha biyu da hantsi, Sha'aibu ya sauko shan ruwa ya ga ina naɗe hannu da tsumma, jini na ɓullowa. Ya kama hannun ya duba, ya ce, "Hannun mata gare ka. Hau bisa ka miƙa ma abokin aikina Bukari bulo, ni in ja maka har azahar."

Na ce, "A'a, bar shi."

"Hau, na ce. Kana ɓata muna siminti da jini."

Na dubi shuɗiyar hular a kansa. Rawayar na kaina. Cire ta in miƙa masa bai fi ƙiftawar ido ba. Amma in na ce mu sauya, zai tambaye ni dalili. Na hau.

Ban kai rabin sa'a a sama ba na ji ihu. Bulo ɗaya ne ya suɓuce daga bakin bokiti a hawa na uku. Ban san yadda na sauko ba. Na iske shi kwance a gefen tulin yashi, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa, ƙafarsa ɗaya na motsi ita kaɗai. Hular ta rabe biyu, daga tsakiya zuwa bisan kunnen hagu. Ba sai an nuna mini layin ba.

Wani Balarabe direban kamyo, babbar motar da ta kawo yashi, shi ne ya ce a sa shi a motarsa, bai tambayi takardun kowa ba. A asibiti suka karɓe shi, suka yi masa aiki a kai. Kwana tara bai farka ba. Ina zaune a baranda da rawayar hula a cinyata, don na rasa inda zan ajiye ta. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, kullum in za ta wuce sai ta ajiye mini burodi da ƙwai a gefe, ta ce, "Ci, ɗan'uwanka zai bukace ka da ƙarfi."

Na tare likitan wata rana, na nuna masa rawayar, na ce da wannan ce a kansa fa? Ya juya ta a hannu, ya ɗaga kafaɗa, ya ce wataƙila da abin ya zo da sauƙi, wataƙila kuma a'a, bulo daga hawa uku ba wasa ba ne, Allah kaɗai ya sani. Na so ya ce a'a. Ko ya ce e, in san matsayina. Bai ba ni ko ɗaya ba.

Sha'aibu ya farka, amma ba duka ya dawo ba. Hannunsa na dama ya saki, ƙafar dama yana ja. Magana na fitowa ɗaya-ɗaya, kamar mai ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi. Ya gane ni. Kalmar farko da ya ce mini ita ce, "Bawana." Na fita waje na yi kuka har mai shara ya zo ya dafa ni.

Bayan wata biyu na kai mu da kaina inda ake tara masu komawa gida. Aka sa mu a bas har Tamanrasat, daga nan manyan motoci zuwa Asamaka, sannan Agadas. Duk hanyar da ya bi da ni yana ɗauke da jakata, na biyo da shi ina ɗauke da shi. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke kai shi bayan gari in riƙe shi. Mutanen motar suna ta sa mini albarka. Wani dattijo ɗan Deule ya ce, "Samari, ku dubi wanga yaro, haka zumunci shike." Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

A Agadas, muna jiran motar Tawa, na gaya masa. Muna zaune a inuwar wani shago, na ce, "Sha'aibu, hular nan shuɗiya, tsagagga ce tun kafin in ba ka. Na sani. Na ɓoye maka."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Wace... hula?"

Na ce ta Bilida, mai taga, wadda muka yi musanya.

Ya girgiza kai a hankali. Ba ya tuna ta. Ba ya tuna shantiyen, ba ya tuna Bilida gaba ɗaya. Tunaninsa ya tsaya a Gardaya. Da ya ga hawaye a idona sai ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi, ya ce, "Ba... komi." Amma ba komi ɗin me? Bai san abin da yake yafewa ba. Da na ce masa na taka masa ƙafa ne, haka zai ce.

Muka isa Allakaye ana shirin shuka. Ba zan iya ba da labarin yadda Biba ta yi da ta gan shi ba. Gwaggo kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta shafa tabon kansa da tafin hannu, ta ce alhamdu lillahi da ya dawo da rai. Sannan ta juyo ta kama hannuwana biyu ta ce, "Isuhu, kai ka maido min ɗana. Allah shi ba ka ɗa mai yi maka haka." Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta nuna ni.

Kwana shida na iya ɗauka. Ran na bakwai da safe na iske ta ita kaɗai a bayan rumbu tana gyaran irin gero. Na durƙusa, na ce, "Gwaggo, ina da magana." Na faɗa mata duka, tun daga guduma da kututture har zuwa safiyar da na hau bene da rawayar a kaina. Ban rage ba, ban kuma sa maganar likita a ciki ba, don na san in na sa ta, mafaka nake nema.

Hannunta bai daina tsintar tsakuwa daga cikin irin ba har na gama. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya tambaye ka ko tana da aibi?"

Na ce, "Ya tambaya."

"Kac ce mi?"

Na faɗa mata abin da na ce.

Ta ajiye faifan. Kurciya na kuka a kan rumbu. Ta ce, "Biba ta sani?"

Na ce a'a.

"To kar ta ji daga bakinka. Ita ka kwana da shi, ita ka wanke shi, ba ta buƙatar wani kaya bisa wanga." Ta ɗauki faifan. "Ni kau, yau ba ni da abin ce maka. Tashi ka tahi gidanku."

Na tashi na tafi Tama. Ban ƙara shiga gidan ba. Amma da ruwa ya sauka, na bar wa ƙanena gonarmu, na ɗauki kalme na koma Allakaye, na sauka wurin wani abokina a bakin gari. Na shuka gonar Sha'aibu, na yi mata noman farko ni kaɗai. Mutane na wucewa suna cewa sannu da zumunci. Gwaggo ta san ina nan, garin ba shi da girman da za a ɓoye. Ba ta aiko ba, ba ta zo ba. In muka haɗu a hanyar rijiya na gaishe ta, sai ta amsa a taƙaice kamar yadda ake amsa wa baƙo, ta wuce.

Ana cikin maimai, wata rana da rana ta take, ina sunkuye a ƙarshen kunya, na ga inuwa a gabana. Gwaggo ce, da ƙwarya a kai, ta tako tun daga gari da ƙafafunta masu ciwo. Ta sauke ƙwaryar a gindin wata ƙalgo, ta buɗe faifan. Fura ce da nono. Ta tsaya tana duban gonar, daga wannan iyaka zuwa waccan, geron ya kai gwiwa.

Ta ce, "Ka bar haki can wajen gabas."

Na ce, "Zan koma kansa, Gwaggo."

Ta ce, "Sha tukuna. Rana ta yi."

Ba ta kira sunana ba, ba ta kuma zauna ba. Ta juya ta kama hanyar gari. Na zauna a gindin ƙalgon na sha furar har ƙasan ƙwarya, sannan na ɗauki kalme na nufi gabas.